Me Ya Sa Filashin Ɗin Wata Waya Ba Ya Hawa Kan 'Yar'uwarta?

Tun da Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, masu tsofaffin kwamfutocin cinya a Sakkwato suke ta neman mafita, musamman ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo masu fama da na gwanjo waɗanda Windows 11 ta ƙi karɓa. Wasu suka koma Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne 'yar filas guda mai ɗauke da Linux ta wadatar: a soka ta a HP ta hau, a zare a soka a Dell ta hau, a ara wa maƙwabci mai Lenovo shi ma ta hau masa. Daga nan tambaya ta taso a majalisu da zaurukan WhatsApp: to me ya hana a yi wa waya haka? Ya aka yi waya biyu, kamfani ɗaya, suna ɗaya a jikin kwali, amma fayil ɗin filashin (wato goge manhajar waya a ɗora wata) na ɗaya ya kashe fuskar ɗayar?

Na ga abin da idona a wata rumfar gyaran waya a Mabera. Wani dattijo ya kawo wayarsa aka sauya mata gilashi. Hoto ya fito tar, amma ko yatsanka zai ƙone da murza, tach ba ya amsawa. Yaron shago ya ce gilashin ne jabu. Maigidansa ya ce a'a, matsalar sofwaya ce, a yi filashin. Aka sauko da fayil daga intanet mai sunan wayar daidai, aka ɗora. Waya ta tashi, tana kiɗan buɗewa, kira ma yana shiga, fuska kuwa fari fat kamar an shafe ta da alli. Dattijon ya gyara zaman hularsa ya ce, "To Malam, wanga aiki hwa? Ɗazu ina gani ban iya taɓawa, yanzu ganin ma ya tahi."

Yaron da maigidan kowa ya kama wani gefe na gaskiya, amma matsalar tana tsakaninsu, a wani wuri da ba a cika ambata ba. Waya ba ta ganin yawancin kayan da ke cikinta. Gaya mata ake yi, a rubuce.

Kalmomi huɗu kafin a shiga

Kanel shi ne zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura, mai raba aiki tsakanin ƙwaƙwalwa, ma'ajiya da sauran kaya. Kowace wayar Android a kan kanel ɗin Linux take zaune, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Finland a 1991. Direba ƙaramar manhaja ce da ta iya yaren ai-si (ɗan guntun kayan lantarki mai aiki na musamman a cikin na'ura) iri guda: ta tach daban, ta kyamara daban, ta caji daban. Layi, a nan, siraran zarurrukan tagulla ne da ke kan fanel, wato allon da aka jera kayan cikin na'ura a kansa, haɗe da ƙa'idar yadda ake magana a kansu. Manhajar tushe kuwa ita ce ke fara motsi da zarar ka danna maɓallin kunnawa, kafin Windows ko Android su farka. A kwamfuta ita ce BIOS ko UEFI.

Baƙon da ke sallama da wanda ba ya magana

Layuka iri biyu ne. Akwai waɗanda kayan da ke kansu suke gabatar da kansu. USB, da ya fito a 1996, shi ne wanda kowa ya sani. Ka soka linzami, kwamfuta ta ji an shigo, ta tambaya, linzamin ya amsa da lambar kamfaninsa da lambar samfurinsa da irin aikin da yake yi, kamar baƙon kirki da ya yi sallama a ƙofar zaure ya ce ni ne wane ɗan wane daga gari kaza. PCI, da Intel ya ɓullo da shi a 1992, haka yake: kowane kati yana da 'yar ma'ajiyar da aka rubuta sunansa a ciki. Lambar Intel 8086 ce, ta Realtek 10EC, ta Nvidia 10DE. Kanel ya bi layi gida-gida, ya karanta lambobi, ya duba jerin direbobinsa, ya haɗa kowa da nasa. Babu buƙatar ɗan jagora.

Sai iri na biyu, su ne suka cika cikin waya. I2C, wanda Philips ya ƙirƙira a 1982 don haɗa ai-si a cikin kayan lantarki irin su talabijin, zare biyu ne kacal, ɗaya na bayani ɗaya na bugun lokaci. Kowane ai-si yana da adireshi, adiresoshin duka 128 ne, an kuma keɓe wasu daga ciki. SPI na Motorola ma ko adireshi babu, kowane ai-si da nasa zaren da ake ja a tashe shi. An yi su ne don arha da ƙarancin cin wuta, ba a tanadi wata sallama ba. Ka ƙwanƙwasa adireshi, iyakar abin da za ka ji shi ne "akwai mutum". Wane ne, babu wata ƙa'idar gama-gari da za ta gaya maka, ga shi ai-si ɗaruruwa na kamfanoni daban-daban suna amfani da adireshi ɗaya.

Wani zai ce to kanel ya yi ta gwadawa mana har ya dace. An gwada, an sha wuya. Rubutun da a wurin wani ai-si yake nufin "faɗi sunanka", a wurin wani yana iya zama "goge abin da ka ajiye". A duniyar Linux an san labarin wasu tsofaffin kwamfutocin ThinkPad na IBM da manhajar laluben ai-si masu auna zafi ta lalata musu wata 'yar ma'ajiya a kan fanel, suka daina tashi ɗungurungum. Shi ya sa masu rubuta direba ba sa son lalube a cikin duhu.

Ba ma ƙananan ai-si kaɗai ba. Manyan sassan da ke cikin ƙwaƙwalwar waya kanta, irin ta MediaTek ko Unisoc ko Qualcomm, su ma bebaye ne. Mai kula da layin I2C ɗin da kansa sai an gaya wa kanel inda yake.

Takardar rabon goro

Ka ɗauka an ɗaura aure, aka ba wani yaro baƙo, jiya ya zo daga Gusau, rabon goro a lungunan Kanwuri. Gidaje babu lamba, babu allo. Uwar amarya ta rubuta masa takarda: ka shiga lungu na biyu bayan masallaci, ƙofa ta uku gidan Malam wane ne, Bafulatani ne, ka gaishe shi da Fulatanci, kuma ta ƙofar baya ake kiransa. Muddin takardar daidai take, yaro zai gama rabo kafin la'asar. In aka yi kuskure aka ba shi takardar wata unguwa, zai bi ta sau da ƙafa, ya yi ta sallama a kangon da babu kowa, gidan da ake jiran goro kuma shiru.

Wannan takarda a duniyar waya ita ce bishiyar na'urori. An kira ta bishiya ne don tsarinta: gindi shi ne fanel, rassa su ne layuka, ganyaye su ne ai-si da ke rataye a kowane layi. Asalinta daga kwamfutocin kamfanin Sun ne, aka mai da tsarin ƙa'ida mai lamba IEEE 1275 a 1994, Apple da IBM suka yi amfani da shi a injinansu na PowerPC. Injiniya yana rubuta ta da haruffa, a matse ta ta koma ƙaramin fayil mai suna DTB, manhajar tushe ta miƙa wa kanel a lokacin tashi.

Ga ganye guda, na wani ai-si na tach da ya yaɗu a allunan hannu masu arha:

touchscreen@5d {
    compatible = "goodix,gt911";
    reg = <0x5d>;
};

Layi na biyu shi ne sunan mai gida: kamfanin Goodix, samfuri GT911. Na uku adireshinsa ne, 0x5D, wato 93 a ƙirgen yau da kullum. A cikakkiyar takarda akwai ƙarin layuka: ta wane zare ai-si zai zunguri ƙwaƙwalwa ya ce an taɓa ni, ta wane zare ake farfaɗo da shi, daga wace kafa yake shan wuta, faɗin gilashi da tsawonsa, har da ko an kifa shi a lokacin haɗa na'urar. Wannan na ƙarshe shi ne sirrin allon da za ka taɓa hagu ya amsa a dama: ai-si lafiya lau, direba lafiya lau, layi ɗaya ne a takarda ya saɓa.

Wani abin ban sha'awa game da GT911: yana iya zama a adireshi 0x5D ko 0x14, gwargwadon halin da wani zare nasa yake ciki a daidai lokacin da aka farfaɗo da shi. Ai-si ɗaya, ƙofa biyu. Wasu na FocalTech kuma a 0x38 suke zama. In takarda ta ce Goodix ne a 0x5D, gilashin da aka saka kuwa da ai-si na wani kamfani ya zo, direba zai yi sallama ya ji shiru, ya rubuta a littafin rahoton kanel cewa bai samu kowa ba, ya koma ya zauna. Mai waya ba zai ga wannan rahoto ba. Shi dai tach ya mutu.

Yadda haɗin yake faruwa ba shi da wuya. Kowane direba yana ɗauke da jerin sunayen da ya iya yarensu. Kanel ya bi bishiya reshe-reshe, duk ganyen da aka rubuta cewa yana aiki sai ya buɗe masa rajista, ya nemi direban da sunan ya zo a jerinsa, ya ce je ka gwada. Wani lokaci direban tach zai iso ya tarar direban da ke buɗe masa wuta bai farka ba tukuna. Tun Linux 3.4, a 2012, aka yi wa wannan tanadi: direba ya ce a dawo mini anjima, kanel ya mai da shi ƙarshen layi.

Kafin bishiyar ta zo duniyar ARM, wato irin ƙwaƙwalwar da ke cikin kusan kowace waya, bayanin kowane fanel a cikin jikin kanel ake rubuta shi. Fanel ɗari, fayil ɗari, kowane kamfani da nasa salon. Tarkacen ya taru har a Maris ɗin 2011 Torvalds ya fito ya yi wa masu aikin ARM wankin babban bargo a bainar jama'a. Daga nan aka duƙufa wajen fitar da bayanin fanel daga cikin kanel zuwa bishiya, kuma da aka shigar da ARM mai 64-bit a 2012 ba a ma buɗe ƙofar tsohon salon ba.

Abin da kwamfuta take da shi wanda waya ba ta da shi

Kwamfutar cinya ma tana da bebayen kaya: batir, murfi, fanka, maɓallan haske, faifan linzami. Takardarta sunanta ACPI, Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da ita a 1996, tun 2013 kuma tana hannun ƙungiyar UEFI. Kowane abu da lambarsa: batir PNP0C0A, murfi PNP0C0D, faifan linzami na zamani da ke kan I2C kuma PNP0C50. Ta bambanta da bishiya ta wata fuska babba, domin ba bayani kaɗai ta ƙunsa ba, har da ƙananan umarni da kanel zai aiwatar. Maimakon ta ce ga inda ai-si na batir yake, sai ta ce in kana son sanin saura nawa, gudanar da wannan. Kanel ba ya buƙatar sanin ai-si ɗin kansa.

Amma babban bambancin na wurin ajiya ne. Takardar kwamfuta tana zaune a cikin wani ɗan ai-si a kan fanel, tare da BIOS. Ka goge faifai ƙarƙaf, ka sa Windows, ka cire ka sa Ubuntu, wani nau'in Linux, takarda tana nan, duk wanda ya zo za a miƙa masa. A waya kuwa, takarda da kanel da manhajar tushe duk a ma'ajiya ɗaya suke, a ɗakuna maƙwabta, wani ɗakin ma sunansa dtbo. Filashin yana shafe su ne tare ya zuba na cikin fayil ɗin da ka sauko da shi. In fayil ɗin na wata unguwa ne, ka ƙona takardar asali ke nan da hannunka.

Kada a ɗauka ACPI tsarkakakkiya ce. Torvalds ya taɓa kiranta bala'i ta kowace fuska tun 2003. Yawancin kamfanoni da Windows kaɗai suke gwada takardarsu, wasu takardun ma sai sun tambayi wa ya zo kafin su buɗe wasu ƙofofi. Shi ya sa Linux, in aka tambaye shi ko shi Windows ne, yake amsawa da e. Ɗalibin da ya sa Linux ya tarar faifan linzami ya ƙi motsi, ko kwamfuta ta ƙi farkawa bayan an rufe murfi, sau da yawa a nan matsalarsa take, kuma sabunta BIOS ko sa sabon kanel yakan warware ta. Haka mai ƙoƙarin mai da sabuwar kwamfuta kan Windows 7: faifan linzami na I2C da Windows 8 ya zo a 2012, tsohuwar ba ta san shi ba.

Laifin wa?

Masu kare kamfanonin waya suna da hujja. Waya ana ƙera ta ne a matse, kowane zare da kowace naira an lissafa. Samfuri ɗaya ana iya sayo masa gilashi daga masana'anta biyu ko uku, kyamara haka, gwargwadon wanda ya yi arha a watan. Shi ya sa suna ɗaya a kwali ba ya nufin ciki ɗaya. Sukan zuba direbobin duk gilasan da suka saya a cikin fayil, a wayoyin MediaTek da yawa ma tun a matakin manhajar tushe ake karanta lambar gilashi a zaɓi direbansa a miƙa wa kanel sunan. Fayil ɗin da aka fitar kafin a fara sayen gilashi na uku bai san da zamansa ba. Farar fuska ke nan.

Masu goyon bayan bishiya suna cewa ita a buɗe take, kowa zai iya karantawa ya gyara, saɓanin umarnin ACPI da ke binne a BIOS. Masu ACPI su ce ai dalilin da ya sa filas ɗaya ke hawa kowace kwamfuta ke nan, kuma manyan injinan ARM na cibiyoyin ajiyar bayanai su ma ACPI suka ɗauka. Linux dai ya rungumi duka biyun, har ya yi wa direbobi hanya guda ta tambayar bayani ba tare da sun damu da wace takarda ce ta kawo shi ba.

A ganina gardamar tsari ba ita ce ta shafi mai waya a Runjin Sambo ba. Abin da ya shafe shi shi ne wa ke riƙe da takardar. Lasisin Linux, GPL, ya wajabta wa duk wanda ya sayar da na'ura da kanel ɗin ya ba da asalin rubutun abin da ya sauya. Wasu kamfanoni suna bayarwa, wasu sai an yi ta bin su, wasu ko oho. Wayar da aka saki nata, masu sa kai irin na LineageOS ko postmarketOS suna iya ci gaba da raya ta shekaru bayan kamfani ya juya mata baya, kuma ko su ɗin, kowace waya sai sun yi mata nata fayil daban. Wadda aka ɓoye nata kuwa, ranar da kamfani ya daina turo sabuntawa ranar ta fara tsufa, ko da batir da gilashi garau suke. Google ya rage matsalar da tsarin Treble a 2017, wanda ya raba Android da kayan kamfani, daga baya kuma ya kawo kanel na bai-ɗaya. Sai dai takardar fanel da direbobin kamfani har yanzu na kowace waya daban ne.

Abin da ya shafi aljihu

Na farko, gilashin kasuwa da ya ƙi tach ba lalle ne jabu ba, kuma filashin ba zai koya wa waya yaren ai-si ɗin da babu direbansa a fayil ba. Mai gyaran da ya san aikinsa yakan jona gilashi ya gwada hoto da tach kafin ya sa gam. In bai amsa ba, a mayar wa dila a karɓo na wata masana'anta, ya fi sauƙi da arha.

Na biyu ya fi haɗari, don ba ya nuna kansa nan take. Takardar ba sunaye kaɗai ta ƙunsa ba. A cikinta ake rubuta girman batir, iyakar wutar da za a tura masa, da matakin zafin da in an kai waya za ta rage gudu ko ta kashe kanta. Fayil ɗin wata waya yana iya hawa, hoto ya fito, tach ya yi, kowa ya yi murna, alhali lissafin batir na wata ce. Sai ka ga caji yana tsalle daga 40 zuwa 5, ko baya yana zafi kamar dutsen guga. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, wannan ba abin wasa ba ne.

Saboda haka kafin ka miƙa waya a yi mata filashin, shiga saiti, ka nemo lambar ginin manhaja a shafin bayanin waya, ka rubuta ta a takarda. Ita ce ke bambance ciki da ciki, ba sunan kwali ba. Ka kuma tambayi mai gyara ko zai kwafe abin da ke cikin wayar ya ajiye kafin ya goge. Kayan aikinsu da yawa suna iya yin haka, gaggawa ce ke hanawa.

Wayar dattijon Mabera kwana biyu ta yi a rumfa. Maigidan ya buɗe bayanta, ya karanto lambar da ke buge a kan fanel, ya aika wa wani abokin sana'arsa a Kano ta WhatsApp, aka turo masa fayil na baya-bayan nan. Hoto ya dawo. Tach kuwa bai motsa ba sai da aka ɓamɓare gilashin aka kawo wani daga wurin wani dila. Da dattijon ya zo karɓa, ya shafa fuskar ta amsa, ya tambayi nawa ne kuɗin filashin. Maigidan ya ce, "Baba, bar shi, na gilashi kawai za ka biya." Yaron shago yana gefe yana kankare gam daga tsohon gilashin, bai ɗago kai ba, amma yana murmushi.